Cocin Ƙauye da Zawiyar Kakana

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Hindawiyya a Makka, ni da uwargida, za mu Ingila duba 'yarmu da ke karatu a can. Kafin mu kama hanyar Jidda na tsaya sallama da Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Kaka yana gina zawiyar layinmu da hannunsa, bayan ya iso Makka a ƙafa. An riga an shafa wa bangon jan fenti, alamar rusau.

"Ya waladi, ɗana, ka sa a ciro ƙofar zawiyar nan kafin ka tafi," in ji ta. "Kakanka ne ya sassaƙa ta."

Na ce, "Gwaggo, lissa, har yanzu da lokaci. Sati biyu ne kawai." Har da dariyata.

Ingila dai sanyi ne da tsada. Kuɗin shayi kofi ɗaya a tashar jirgin ƙasa ya isa waken ful da burodin tamis na mutum uku a unguwar Utaibiyya ta Makka, shayin kuma salam. Rana ta biyar 'yar tamu ta ja mu wani ƙauye ganin tsohon coci. Na tafi ina gunaguni. Hanyar siririya ce, motoci biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta raɓe, ga tumaki jibga-jibga ba makiyayi.

Ginin na dutse ne, gajere, da hasumiya mai kusurwa huɗu da ƙararrawa a ciki, kaburbura sun kewaye shi. A bakin ƙofa na tuɓe takalmi ba tare da tunani ba, wurin ibada ne ai. Wata tsohuwa mai jera furanni ta dubi safata ta yi murmushi. 'Yata ta raɗa mini, "Baba, nan ba a cirewa." Girman kai ya hana ni mayarwa, haka na zaga sanyi yana cin tafin ƙafata.

Amma da tafin nan na ji abin da ido bai gani ba. Dutsen dokin ƙofa ya lotsa a tsakiya saboda yawan takawa. A ciki ginshiƙai ne masu kauri, kowane biyu sun haɗe da baka a sama, rufin kuma katako ne da ya yi baƙi don tsufa. Akwai kwamin dutse da suke yi wa jarirai wanka a ciki, da mumbarin katako mai matakala, da tagogi masu gilashi ja da shuɗi. Bencinan sun yi sulɓi inda hannu ke dafawa. A bango an rubuta sunayen limamansu ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar ta ce ginin ya haura shekara ɗari bakwai. Masu zuwa ranar Lahadi ba su cika benci uku ba, amma ko ƙusa ba a zare ba. Na yi ta ɗaukar hoto, raina yana sosuwa. Mu zawiyarmu sahu har titi.

Ina ɗaura takalmi saƙon ƙanena ya shigo. "Yaya, halas, an gama. Masu rusau sun shigo layin tun safe, ba mu samu fitar da komai ba sai Alƙur'anai."

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. Da muka dawo na sa mai tasi ya bi ta layin. Fili ne fetal, ko inda alƙibla take sai da na yi lissafi. Ban zargi masu katafila ba, sun ba da wa'adi, sun cika. Abin da tafiyar ta koya mini mai ɗaci ne: shekara hamsin ina shiga ƙofar nan sau biyar a rana, ban taɓa tsayawa na dube ta kamar yadda na dubi ta wasu ba.

Na sami Gwaggo a gidan ƙanena a unguwar Rusaifa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in nuna mata hoton zawiyar a waya, ko ɗaya ne. Na yi ta ja sama da ƙasa, babu. Ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe a kan ƙofar cocin.

"Wannan ba tamu ba ce."

"A'a, Gwaggo."

Ta miƙo mini wayar. "Su nasu jikokin sun tsaya."