Akwatin Jar Ciyawar Teku da Malam Buba Ya Bari

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Buba, Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa rubutu a jarida ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malamin ilimin tsirrai ne a wata sakandare a nan Gombe. Lokacin da yake karatu a Legas ya kamu da son wata jar ciyawa mai fitowa a jikin duwatsun bakin teku. Yakan tsinko ta, ya shimfiɗa a takarda mai kauri, ya danne har ta bushe, ya rubuta sunan danginta a ƙasa. Da akwati guda ya dawo. Abokansa a unguwar Bagadaza suka yi ta tsokanarsa, wai Bafulatani ya bar shanu ya koma kiwon gansakuka.

Da yamma yakan baje takardun a tabarma yana rarrabewa. Na taɓa nuna wata na ce, "Malam, ai wannan ba ja ba ce." Ya yi dariya ya ce, "Dija, launi yana ruɗi. Sai an sa ta a madubin ƙara girma an ga yadda take haihuwa kafin a san gidansu." Burinsa ya rubuta littafi da Hausa don yaran da ba su taɓa ganin teku ba. Ciwon hanta bai bar shi ba.

Yanzu kwarin da ke bayan gidanmu ya cinye katanga, ya cinye makewayi, bangon ɗakina ya tsage. Yayana ya ba ni ɗaki ɗaya a garin Kwadon, ni da yara uku. Ya ce in zo da abin da yake dole kawai. Gara kuma ta fara shiga akwatin.

Na kai shi makarantar da ya koyar, suka ce ba su da wurin ajiya. Na kai wa wata malamar jami'a. Ta duba cikin ladabi, ta ce, "Hajiya, aikin yana da kyau. Sai dai yanzu da gwajin ƙwayoyin halitta ake rarrabewa. An raba dangin nan, sunaye da yawa sun canza." A cikin Keke Napep na yi ta kuka har gida.

Da yana raye, me zai ce? Na san ba zai yi fushi ba. Zai fere fensir ya zauna gyara, yana murna an ƙara sani. Ni ce ban iya ba. Ban san wanne suna ya mutu, wanne ke raye ba.

Ɗalibansa sun zama malaman asibiti da na makaranta, har yau suna tare ni a kasuwa su yi masa addu'a. Wannan ba zai ruɓe ba. Takarda ce ke ruɓewa.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Idan cikinku akwai mai busasshen ɗaki da kabad, don Allah ya neme ni ta hannun editan shafin nan. Ba sayarwa nake ba. Kafin ruwan farko zan tashi, kuma ba zan iya cinna wa akwatin nan wuta da hannuna ba.