Buhun Ƙaiƙayin Kawu Arzika

Bana shekara hamsin ke nan da muka kai Kawu Arzika, wan mahaifiyata, makwancinsa a bayan garin Filinge. Ban yi nisa a lakkwal, wato makarantar boko, ba, sai masu karatu su yi haƙuri da rubutuna.

Kawu maharbi ne, babu dajin Kurfai da bai taka ba. Da shekarar fari ta zo, barewa da gada suka ɓace, ƙafarsa kuma ta kumbura, ya koma zaman ɗaki a gidana. Sai ya samu tsohon buhu, ya danna masa ƙaiƙayin gero har ya yi tauri, ya naɗe shi da guntun tabarma, ya ɗaure da igiyar kaba. Ya zana da'ira da gawayi a tsakiya, ya rataye shi a bango. Kowace safiya yakan zauna bakin ƙofa ya ja tsirkiyar bakansa. Ƙaiƙayi na karɓar kibiya a hankali, ya mayar da ita lafiya. Yakan ce ranar da ruwa ya sauka nama zai dawo, bai kamata ya tarar da hannunsa ya mutu ba. Wannan ne kaɗai ke tashinsa daga shimfiɗa.

Ni kuwa jakina nake kallo. Da shi nake ɗebo wa yara ruwa daga rijiya mai nisa, ga shi haƙarƙarinsa duk a waje, babu ko tsinke a fili. Wata Juma'a da aka raka Kawu masallaci, na kwance buhun, na juye wa jakin ƙaiƙayin, na cika shi da yashi da tsakuwa, na ɗaure yadda yake. Da na roƙe shi, na san zai ba ni. Kunya ta hana ni roƙo, ba ta hana ni ɗauka ba.

Washegari ya harba. Bakin kibiya ya lanƙwashe, kyauron, wato karan kibiyar, ya tsage. Ya sake, haka. Maƙerin unguwarmu kuwa yunwa ta riga ta kora shi birnin Yamai. Kawu ya lallaɓa ya taɓa buhun, yashi ya zubo masa a tafin hannu.

"Mamman, jakin ya ci?"

Na ce ya ci, Kawu.

"To, madalla."

Ya rataye baka da kwari, ya daina zama bakin ƙofa. Jakin ya ga damina, Kawu bai gan ta ba. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Dajin da yake jira ya dawo ya zama gonaki, sauran kuma ta wajen garin Abala, masu bindiga ne ke yawo a cikinsa, manomi na tsoron gonarsa. Jikokina ba su san kyauro ba. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Buhu zai nema.

Kawu bai bar gona ko ɗa ba. Bakan na nan, tsirkiyar ta tsinke. Amma duk kaka, in an gama sussuka, nakan cika buhu da ƙaiƙayi in rataye a wannan bangon, ko da yake ban iya harbi ba. In makwabci ya zo nema wa dabbarsa, ba na jira ya buɗe baki. Ni nake kwance igiyar da hannuna.

Allah Ya jiƙan Kawu Arzika, Ya sa ya yafe mini.