Tayoyin Kawu Haruna

Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da Kawu Haruna a cikinku ya san ihun nan: "Tsaya! Direba, tsaya!" Sai gabanka ya faɗi, ka danna burki, ka ɗauka yaro ne ya gifta ko akuyar wani ka take. Ina! Tsohuwar taya ya hango a cikin kwata. Zai sauka da babbar rigarsa, ya naɗe hannu, ya jawo ta, ya zubar da ruwan da ke ciki, ya garo ta har gindin mota yana ta haki. In ka yi tsaki ya dube ka ya ce, "Taya ba ta mutuwa, aiki take sauyawa."

Ni na fi kowa shan wannan wahala, don ni ne ɗan ƙanwarsa, kuma ni Allah ya jarraba da sana'ar tuƙi. Shi faci yake yi a bakin titin Bwari, nan Dutse Alhaji, tun unguwar ba ta cika haka ba. Bayan rumfarsa kuwa kun gani da idonku, tsauni guda na tayoyi. Maƙwabta sun yi ƙorafin sauro har bakinsu ya mutu.

Ranar ɗaurin aurena a Sheda shi ne wakilina. Mun makara, ina gudu, sai ga ihu. Na ce, "Kawu, don girman Allah, liman na jira!"

Ya ce, "Liman mutum ne mai haƙuri. Wannan kuwa in na bar ta, 'yan bola jari za su riga ni."

Da baƙin hannu ya karɓar mini aure, gaban farar rigarsa duk caɓi. Har yau surukina in ya gan ni sai ya tambaye ni ko wakilina ya samu sabulu.

To, kun san marigayiya matarsa 'yar wani ƙauye ce a Nijar, can gaba da Maraɗi. Wata damina ambaliya ta shafe ƙauyen, mutane suka koma kan tudu suka kafa sabbin bukkoki. An kai musu shinkafa, an kai tabarmi da gidan sauro, an ɗauki hotuna, kowa ya watse. Amma ruwan ya bar wani ƙaton rami a inda tsohon garin yake, ya zama kududdufi, ko da rani ba ya ƙafewa. Kan tudun nan kuwa ko bishiyar kirki babu, sai yara suka mai da kududdufin wurin wasansu. Shekara ta zagayo, ruwa ya sake cika shi, ya ci jikan Inna Habi, yayar matar Kawu. Yaro ne ɗan ƙarami, ko makaranta bai shiga ba.

Ni na kai Kawu ta'aziyya. A hanyar dawowa bai ce a tsaya ba ko sau ɗaya, har na fara tsorata. Sai da muka wuce Kaduna ya buɗe baki. Ya ce, "Lawal, yaro ba ya zama. In ba ka ba shi wurin wasa ba, zai nemo da kansa. Shinkafa ta ƙare, masu kawowa sun tafi inda sabuwar masifa ta faɗa. Mu za mu koma mu yi musu lilo a kan tudun nan, kafin wata damina ta sake cin wani."

Na ce, "Mu da wa?"

Ya ce, "Kai kake da a-kori-kura."

Kun ji yadda na zama ɗan agaji na ƙasa da ƙasa, ba wanda ya nemi shawarata.

Madam Rifkatu, tsohuwar shugabar makarantar nan da ke layinmu, ita ta tattara mutane. Ta shiga coci, ta aika masallaci, ta samo mai walda da kafinta da wasu samari masu ƙarfi. Tun ranar farko suka fara sa-in-sa da Kawu. Ita ta ce sai an yi wa tayoyin fenti, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi. Shi ya ce almubazzaranci ne.

"Madam, yaro taya yake hawa, ba launi ba."

Ta ce, "Oga Haruna, ni ba zan tsallaka boda da baƙin kaya kamar mai sayar da gawayi ba. In kai ba ka da kunya, ni ina da ita."

Ta yi nasara, amma sai da ya rama. Duk gwangwanin da aka ce fenti ya ƙare, sai ya ɗauka ya zuba kananzir ya girgiza, ya ce saura na taya biyu. Har Durumi ya sa na kai shi, don an ce akwai wani mai gareji da ke da tayar tirela. Muka ɗora ta mu huɗu, bayana ya yi ƙara, tun daga ranar ban sake yin ruku'u cikin daɗin rai ba.

A kan iyaka kuwa, wani jami'i ya zagaya motar, ya dubi tayoyin nan masu launi, ya dube mu. Ya tambaya ko na sayarwa ne. Madam ta fara dogon bayani, yana girgiza kai, don bai taɓa jin an yi doguwar tafiya haka saboda wasan yara ba. Gaskiyarsa, ni ma da nake tuƙin ban gama yarda ba. Sai Kawu ya zagaya bayan mota. Ya sauke taya ɗaya, ya ɗauki igiya, ya jefa ta kan reshen dalbejiyar da ke gefen shingen, ya ƙulla. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bisimilla, gwada."

Mutumin ya waiga hagu da dama, ya zauna a hankali, ya ɗaga ƙafa. Kawu ya ba shi turi ɗaya. Wallahi sai ga haƙoransa a waje. Da ya sauka ya ce mu wuce, Allah ya ba da lada. Har mun shiga mota Kawu ya koma ya kwance tayarsa da igiyarsa. Na ce, "Haba Kawu, ka bar masa mana!" Ya ce, "Shi maraya ne?"

Aikin kansa kada ku so ku ji. Ƙasar tudun nan tauri gare ta, diga na tashi kamar an buga a kan dutse. Rana ta gasa mu, ruwan sha sai an je da jaki. Samarin da suka taso daga Abuja suna waƙa, kwana kaɗan suka koma ba mai ce wa wani sannu. Kawu kuwa yana zaune a inuwar mota da guduma yana miƙe lanƙwasassun ƙusoshi, ga sababbi a leda ya hana a taɓa. Amma dai mun gama. Lilo a jere, tayoyi binne rabi a ƙasa na tsalle, katako mai hawa da sauka, ga tayar tirelar nan a tsakiya, yara sun shige cikinta tun siminti bai bushe ba.

Ranar da za mu taho aka taru, mai gari ya yi godiya, aka ce Kawu ya yi magana. Nan fa ya samu abin da yake so. Ya yi musu wa'azi a kan ɓarna, tun daga ƙusa har igiya. Ya ce, "Wannan amana ce. Kun ga daga inda muka ɗauko ta. Zan dawo in duba, kada in tarar da ko ƙwarzane." Mai gari ya dafa ƙirji ya ce in Allah ya yarda ba za a ji kunya ba. Ni dai barci nake ji a tsaye.

Da bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa, sai Kawu ya ce mu koma. Na ce motata ba lafiya. Ya ce ya duba ta da kansa. Na ce ni ne ba lafiya. Ya ce in sha magani a hanya. Madam ma ta ce da ita za a je.

Muna hawa tudun na ji shiru. Babu ihun yaro ko ɗaya. Ga filin wasan nan an zagaye shi da shingen ƙaya, tsayinsa ya kai ƙirjina, an share ciki tas. Fenti na ƙyalli kamar jiya aka shafa. Lilon ma an naɗe igiyoyinsa sama an ɗaure, kada iska ta kaɗa su su goge. Mai gari ya taho da sauri yana murna.

"Malam Haruna, ga amanarka! Ko ƙwarzane babu. Ranar Sallah kaɗai muka buɗe, shi ma da babba a tsaye da tsumagiya."

Kawu ya ce, "Yaran fa?"

Inna Habi ce ta nuna gangare da haɓa. Daga nan muna hango su, ƙananan kawuna a bakin kududdufin, wasu har sun shiga zuwa ƙugu.

Tunda nake ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Ya juya kan Madam, don dole ya samu wanda zai ɗora wa. "Kin gani? Fentinki ne! Kin mai da shi kayan ɗakin amarya, wa zai bari a taka?"

Ta ce, "A'a, Oga, kar ka fara. Wane ne ya tsaya a nan ya ce ko ƙwarzane?"

Inna Habi ta ce a hankali, "Haruna, kai ka ce amana ce. Mu kuma ba mu saba cin amanar baƙo ba."

Mutumin da bai taɓa yarda an yar da ƙusa ba, ya tsaya yana kallon abin da bakinsa ya jawo. Sai kawai ya kama ƙayar nan da hannu biyu ya fara fizga. Na ce ya bari in ɗauko adda, bai ko waiwaye ni ba. Hannunsa na jini ya buɗe hanya, ya shiga, ya sa aka kwance igiya, ya zauna daram a kan lilo da babbar riga.

"Lawal, tura ni!"

"Kawu, mutane na kallo."

"Don su kalla na hau. Tura ni, ɗan banza!"

Na tura. Ya ce in ƙara ƙarfi, ko ban ci tuwo ba ne. Tsoho ya tashi sama, riga ta buɗe, hula ta yi nata wuri, yana ta ƙwala ihu ana ji har gangare. Can sai ga yara sun fara hawowa, jiƙe-jiƙe, suna tsayawa daga nesa suna kallon mai gari. Kawu ya sauka jiri na ɗibarsa, ya kama hannun mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, na janye maganata, kuskure na yi. Ku bar su su cinye shi. In na dawo na tarar da sauran fenti, ba ni ba ku har abada."

Mai gari ya ce, "In ya lalace fa?"

Kawu ya ce, "Ka kira ni. Ina da tsauni guda a gida."

Bai koma ba. Damina na sauka ciwon ƙirjin nan ya kwantar da shi. Kullum na shiga gaishe shi, kafin ya amsa sallama sai ya ce, "Sun kira?" Ƙauyen ba sabis, sai mai gari ya je kasuwa yake samun waya. In na ce ba su kira ba, sai ya juya fuska bango ya ce, "Sun mayar da ƙayar. Na san su, kunya za ta kashe su." In aka yi ruwa mai ƙarfi a nan Abuja ba ya iya cin abinci, yana tunanin can. Na yi ta ce masa in je in dubo, ya ce in na tafi wa zai kai shi asibiti, ai ba zai biya kuɗin tasi ba yana da ɗan ƙanwa. Haka ya tafi bai ji komai ba, kuma wannan abin yana ci mini rai.

Shekaranjiya muna zaune a nan kan tabarmar makoki wayata ta yi ƙara, kun ga na tashi na koma gefe. Mai gari ne. Bai san an yi rasuwa ba. Ya fara da ba da haƙuri, murya ƙasa-ƙasa, wai kunya ce ta hana shi kira tuntuni. Ya ce yara sun gama da wurin. Igiyoyi sun tsinke an ƙulla sun sake tsinkewa, katakon ya karye, tayoyin sun koma baƙaƙe, har faɗa ake a kan layi. Ya ce in lallaɓa in gaya wa Malam Haruna yadda ransa ba zai ɓaci ba.

Na ce, "Kududdufin fa?"

Ya ce, "Ya cika maƙil. Amma wa ke da lokacinsa? Bana ba mu binne yaro ko ɗaya ba."

Na gaya masa Kawu ya rasu. Ya yi ta salati har kuɗin wayarsa ya ƙare.

Na gaji, jama'a, wallahi na gaji, bayana ma bai warke ba. Amma in an share makoki zan loda mota, mai zuwa ya zo da safar hannu da maganin ciwon jiki.

Allah ka ga Haruna, ka san rikicinsa, ka kuma san abin da ya hana shi barci. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci. Labarin nan da bai jira ya ji ba, ya Allah, ka isar masa da shi. Amin.