Duwatsun Tsohon Garinsu Inna

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Yelwa, mu uku: ni da ƙanena da Inna. Buƙata ɗaya ta fitar da mu. Bana ruwan Kainji ya ja baya sosai, har filin tsohon garinsu Inna, wanda tafkin ya haɗiye tun tana budurwa, ya fito. Tana so ta tsaya a kabarin mahaifinta kafin ruwa ya dawo. Ta ce ba ta sa ran ganin wata shekara irin wannan.

Na raba tafiyar kashi uku: mota zuwa yankin Ngaski, babur zuwa bayan gari, sannan ƙafa. Motar ta sha ramuka har ƙosan da muka saya a tasha ya koma dambu. Inna ba ta taɓa shi ba.

A bayan gari muka hau wata hanyar ƙafa da manoma suka shimfiɗa da duwatsu a kan laka. Yanzu har 'yan birni na binta da yamma, suna kallon balbela suna ɗaukar hoto. Dama da hagu albasa ce, sai baƙaƙen kututtura da warin ruɓaɓɓen kifi. Na yaba aikin a fili, domin an jera duwatsun da tsari.

Alamar da Inna ta riƙe ita ce kututturen tsamiya. Taku bakwai gabas da shi, yayanta ya kafa ɓarin dutsen niƙa a wajen kan kabarin. Mun sami kututturen. Na ƙirga taku bakwai, na koma na sake. Albasa kawai.

Mai gonar ya taso, dattijo ne mai furfura. Bayan gaisuwa Inna ta ce, "Ɗana, ba ka ga wani ɓarin dutsen niƙa a nan ba?"

"Inna, duwatsun wurin nan ai duk mun kwashe. Suna karya mana fartanya."

"Kuka kai su ina?"

Ya nuna hanyar da muka biyo. Da ƙanena ya gaya masa abin da muke nema, ya cire hularsa ya ce, "Wallahi mun ɗauka na murhu ne."

Inna ba ta yi masa faɗa ba. Ta tsaya a bakin kunya ta yi wa gonar addu'a gaba ɗaya, shi ma ya ɗaga hannu tare da mu.

Da muka juyo, ta ƙi taka hanyar. Ta cire takalmanta ta shiga laka a gefe, muka riƙe ta dama da hagu har bakin gari.

Mun iso gida bayan magariba. Abu biyu na koya. Na farko, ƙasar da ruwa ya maido ba ta dawowa hannun masu ita. Na biyu, zan riƙa tambayar inda aka samo dutse kafin in yaba hanya. Har yau zanen Inna na rataye da busasshiyar lakarsa. Ta hana a wanke.