Ranar da Inna ta tsaya taku ɗaya da ni

Wata Laraba ce da hantsi, cikin kakar shekarar da nake aji biyar, muna roron wake ni da Kaka a gonarta da ke bayan ƙauyenmu, tsakanin Faskari da Sabuwa. An riga an yanke dawa, an jingine kara tsibi-tsibi, Kaka kuwa sai tsiya take min wai na fi ƙwarewa a cin ɗanyen wake fiye da tsinkarsa. Muna cikin haka muka ji babura, ba ɗaya ba, ba biyar ba, sannan ƙarar bindiga daga wajen kasuwa. Kaka ta fizge ni ta cusa cikin tsibin kara, ta ce, "Saude, kada ki motsa." Ta nufi gari saboda awakinta da ke ɗaure. Na zauna cikin karan nan har la'asar, tururuwa na cizona ban ko sosa ba. Washegari aka jera mutanen garinmu a filin makaranta aka yi musu salla, Kaka tana cikinsu.

Ni 'yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin Kaka, mahaifiyar Inna, a ɗakinta na tashi. Ita ke min kitso tana ranƙwashina, ita ke ɓoye min ƙanzon tuwo a ƙarƙashin faifai, ita ke zuwa har dandali ta janye ni daga gaɗa in na wuce lokaci. Inna kuwa in na shiga gidanmu ɗaukar turmi, sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa waccan ta rufe min ƙofa." Ban taɓa jin haushi ba. Har alfahari nake yi a makaranta, in ce uwata ta fi ta kowa kunya.

Bayan abin da ya faru muka kwashe zuwa Ƙanƙara, gidan yayan babana, muka cunkushe a ɗaki biyu. Baba yana cikin waɗanda suka ɗauko gawarwaki suka haƙa kaburbura, kuma tun daga nan ya zama mutum mai zama a zaure yana kallon bango. Ni kuma magana ta ɗauke min. Ba wai na ƙi ba ne, in na buɗe baki sai in ji babu komai a ciki. Ina shara, ina wanke-wanke, ina tsince shinkafa, amma ko carafke aka zuba a gabana sai dai in kalli duwatsun. Da na ji babur ya wuce ta lungu sai jikina ya ɗauki rawa, wani lokaci har fitsari ya kufce min, ga ni da shekara goma sha ɗaya. Aka ce tsorata na yi. Aka karɓo rubutu na sha, aka yi min hayaƙi har idona ya yi ja, masu zuwa gaisuwa kowa ya dafa kaina ya ce, "Sai haƙuri." Na ji kalmar nan har na tsane ta, Allah Ya yafe min.

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo unguwarmu sau biyu, ta tara mata da yara a ƙarƙashin darbejiya, ta raba mana takarda da fensir ta ce kowa ya zana abin da ke ransa. Na zana akuya. Ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta tambayi wace ce uwata, aka nuna mata Inna. Ta ce, "Hajiya, yarinyar nan ba magani take nema ba. Ki riƙa zaunar da ita jikinki, ki kira sunanta, ki bar ta ta yi kuka." Matan wurin suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Malama, ɗiyar fari ce fa!" Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Malamar ba ta sake dawowa ba, aka ce hanya ta lalace.

Bayan kwana kaɗan aka aike ni ɗebo ruwa a famfon ƙofar gida. Na ɗora bokiti a kai ke nan, 'yan acaɓa uku suka shigo lungun a guje. Na faɗi, ruwan ya kife a kaina, na kama ihu ina birgima a taɓo. Na ga Inna ta fito daga gida da gudu, babu mayafi, babu takalmi, hannunta duk kullu. Ta iso har inda nake. Na ɗaga hannu. Sai ta ga matan gidan da maƙwabta sun fito suna kallo, ta tsaya cak, taku ɗaya tsakaninmu, ta juya wajen matar yayan Baba ta ce, "Ku ɗauke ta mana." Aka ɗauke ni. Magana ta dawo min da kanta bayan wata bakwai, amma abin da na ji a wurin famfon nan bai tafi ba, kuma na yi shekaru ina ganin Inna ba ta sona.

Bara na haihu, na dawo gida wankan jego. Tsohuwar da aka sa ta yi min ta kwanta ciwo a kwana na tara, babu yadda aka iya, Inna ta ɗauki ganyen da kanta. Tana tsoma shi a tafasasshen ruwa tana fyaɗa min a baya, ban iya tuna ranar da hannunta ya taɓa jikina kafin wannan ba. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Ranar nan bakin famfo, ƙafata ce ta ƙiya." Ta ƙara tsoma ganyen ta ce, "Ni ma fa uwata aka kashe. Ba wanda ya ce mani mi kike ji."

Yanzu a Ƙanƙara akwai masu zama da mutum su saurare shi in irin wannan ta faru, ko da yake ba su da yawa, kuma ba su kai ƙauye. A lokacinmu mu biyu ne a ɗaki ɗaya muna kukan mace ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya don kada a gani. Da na san haka, da ni na ƙarasa takun nan.