Maƙata a Dama, Ƙugiya a Hagu

Ƙarfe takwas saura kwata na wani daren Laraba na katse wa Kaka tatsuniya. Na riƙe lokacin domin ranar aka saya mini agogon hannu, sai kallonsa nake yi.

A Dutse Uku muke. Idan sanyin Jos ya sauko, Kaka kan zuba garwashi a kasko, ni da ƙannena mu zagaye shi, tana gasa mana dankali a toka. 'Yar masunta ce daga bakin Binuwai. Aikin kuza ne ya kawo mijinta nan, inda babu ruwan kirki sai kududdufan da aka haƙa aka bari. Tatsuniyoyinta duk na kogi ne.

Ta wannan dare a kan wa da ƙani ce, masu jirgi ɗaya. A al'adarsu, in ji ta, maƙata a dama ake ajiye ta, ƙugiya a hagu, don hannu ya san abin da zai ɗauka ko ido bai duba ba. Sai ƙanwarsu ta share jirgin, ta ga sanduna biyu masu lanƙwasasshen kai, ta haɗa su gefe ɗaya don wuri ya yi kyau. Suna tsakiyar kogi ƙanin ya faɗa ruwa. Wan ya miƙa hannu dama.

Nan na sa baki. Ni da ko baƙo ba na iya gaidawa sai a sunkuye, na ce ai maƙata da ƙugiya duk abu ɗaya ne, fassara guda aka ba su a ƙamus ɗin makarantarmu. Har na tashi na ɗauko shi.

Kaka ta dubi littafin, ba ta taɓa shi ba.

"To, Malama," ta ce, "tunda ƙamus ya taɓa shiga jirgi, sai ya ƙarasa muku."

Ƙannena suka yi dariya. Ta raba mana dankalin, ta ce a je a kwanta.

Ba ta sake ɗauko wannan tatsuniya ba. Sau da yawa na tsara kalmomin ban haƙuri, in na zo gabanta sai in tambaye ta ko tana son ruwa. Ina aji huɗu a sakandare ta rasu. Har yau in na ci gyaran wani, sai in tuna wannan dare.

Bana, da aka ba mu hutun jami'a, na je unguwar Rikkos gaida Kawu Sale, babban ɗanta. Na daɗe ina juya kofin shayi kafin na gaya masa abin da na yi, na tambaye shi bambancin sandunan, da yadda labarin ya ƙare.



"Maƙata ba ta da tsini," ya ce. "Da ita ake jawo jirgi gaɓa, ko a kamo mutum ta riga. Ƙugiya kaifi gare ta, ta babban kifi ce. Da ita wan ya fito da ƙanin, ta kafaɗa. Ya rayu, amma hannun bai ƙara ɗaga filafilin tuƙi ba. Kawuna ne, na san shi. Mai sharar jirgin kuwa Inna ce. Mu da ta haifa, a bakin wasu muka ji. Ku ta fara ba labarin da bakinta."