Ragowar Albarushi

Kowa da abin da ya ɗora wa laifin matsalar bindigar Baba, kuma duk sun yi kuskure. Maƙwabcinmu Alhaji, mutumin Kumasi, ya ce bututun ne ya cinye. Mai shagon bindigogi ya ce zafin bazara ne ke hura wa albarushi kai. Mama ta ce tsufa ne ya kama mai bindigar. Baba kuwa ya rantse bindigarsa lafiya ƙalau take, na'urar auna gudu ce maƙaryaciya. Ni na san abin da ke faruwa, da idona na gani, amma sanin bai tsinana mini komai ba.

A garin Greenbelt na jihar Maryland muke lokacin, a hawa na biyu. Baba makaniken bas ne, ɗan maharbi daga Filato. Da ya samu ɗan sarari a ƙasar nan sai ya sayi babbar bindiga irin wadda ake kira magnum, don farautar barewa a duwatsun yammacin Maryland. Ya ce ɗan maharbi ba ya sayen harsashi a kwali kamar alawa, da hannunsa zai ɗura. Ya kwashe kayan sitonmu ya kafa tebur. Kwanson da ya harba zai goge, ya sa sabon maɓallin wuta a gindinsa, ya auna albarushi a sikeli, ya zuba, ya danne kan harsashin da wani ƙarfe mai hannu. Wajen awo ba shi da wasa. Fanka ma kashewa yake, ya riƙa ƙara ƙwaya ɗaya-ɗaya, in ka yi tari a bakin ƙofa ya harare ka.

Ni ce direbarsa. Duk mako ina tsaye a kicin ɗin wani ginin gwamnati a unguwar Southwest ina zuba wa ma'aikata miya, Asabar ɗin da zan miƙe ƙafa kuma sai in ƙare a filin harbi, kunnuwa a toshe, ina karanta masa lambar da na'ura ta nuna. Na'urar tana gaban bindiga, harsashi ya wuce ta samanta ta faɗi gudunsa. In ɗuri ya yi kyau, lambobin kusa da juna suke fitowa. Haka suka yi shekaru. Sai wata bazara suka haukace. Wannan ya fita a sanyaye, na bayansa ya yi sama har in sake leƙawa ko idona ne.

"Mamana, karanta da kyau." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Da kyau na karanta, Baba. In ba ka yarda ba zo ka gani."

Alhaji yana bayanmu a kujerar naɗewa da kula ɗinsa, shi nama ne ya dame shi ba harbi ba. "Sarkin baka, bana ma kaza za mu ci ke nan? Na riga na share firiza fa."

Abin bai tsaya a lamba ba. Sakatar bindigar, wadda ake ɗagawa a ja baya a fitar da kwanso, ta fara cijewa. Da yatsa biyu yake ɗaga ta a da, yanzu sai ya doke ta da tafin hannu. Kwanson ya fito gindinsa yana ƙyalli kamar an goga shi a dutse, maɓallin ya baje. Shi da bakinsa ya taɓa koya mini cewa wannan alama ce ƙarfin wutar ya wuce kima, wanda ya ga haka ya tsaya. Bai tsaya ba. Ya rage awo, ya canza batirin na'ura, ya wanke bututu, ya sayi sababbin kwanso, ya daina barin harsashi a mota cikin rana. Wata Asabar abin ya lafa, Baba ya yi ta fito da baki a hanya. Asabar ta gaba abin ya dawo.

Wata Lahadi bayan coci na shiga siton neman tsintsiya. Na same shi da gwangwanayen albarushi a gabansa, rubutunsu daban-daban, yana juye 'yar ragowar kowanne cikin sabo, yana bubbuga gindi kada ƙwaya ta maƙale. Ya rufe, ya girgiza.

A gidanmu haka ake yi da komai. Ragowar garin tuwo kan sabo take hawa. Guntun sabulu a manna shi a jikin sabo. Kwalbar manja sai ta kwana a kife a kan 'yar'uwarta. Ban taɓa ganin an zubar da ƙarshen wani abu ba tun da na yi wayo, shi ya sa na ɗauki tsintsiyata har na juya kafin abin ya dake ni.

"Baba, haɗa su kake yi?"

"To zubarwa zan yi?"

"Ga shi an rubuta a jiki da jan rubutu, kada a haɗa da wani."

"Bature ya rubuta don ki sayi sabo. A jikin madara ma yana rubuta ranar mutuwarta. Ba mu sha ba? Wa ya mutu?" Ya zuba kaɗan a tafinsa ya miƙo mini, baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin ɓera. "Duba. Ware mini su in kin isa. Duk na manyan bindigogi ne, shago ɗaya."

"Kamanninsu ɗaya, cin wutarsu ba ɗaya ba ne. Kai ka faɗa mini. Kana auna nauyi daidai, amma ba ka san me kake aunawa ba."

"Ubana da hannunsa yake haɗa albarushinsa, da tafin hannu yake awo, ya tsufa ya mutu a kan gadonsa."

"Da guntun babban yatsa."

Bakina ke nan. Ya dube ni, ya mayar da ƙwayoyin cikin gwangwani a hankali, ya kaɗe tafinsa a ciki. Ya ce in ja masa ƙofa.

Na kai ƙara wurin Mama, ta dawo daga aikinta na asibiti tana jiƙa ƙafa a roba. Ta ce, "Ke ma kin san in kika ce masa ga hanya, ranar zai shiga daji. Da kin bari ya gano da kansa." Na ce da me zai gano, da fuskarsa? Ta ce in rage murya, za ta sa shi a addu'a. Na tare Alhaji a wurin ajiye motoci. Ya saurara, ya daina dariya, ya ce, "Ei, 'yata, maganarki gaskiya ce. Amma in na faɗa masa zai san daga bakinki ta fito, ya ce kin kai shi kasuwa. Bari in lallaɓa." Lallaɓawar ita ce ya ce wa Baba ko zai gwada harsashin shago. Baba ya tambaye shi ko shi ma zai gwada jallof ɗin gwangwani.

Na yi tunanin in ƙi tuƙa shi. To in na ƙi, shi zai ja motar da kansa, Alhaji kuma ba ya tuƙi, ba mai kai shi asibiti. Na ci gaba da kai shi. Ina zaune gefensa ina kallon kuncinsa manne da katakon bindiga, idonsa dab da sakata. Ina karanta lamba da muryar da ba tawa ba.

Ana gab da buɗe farauta, ganye ya fara ja, ya yi wani harbi da ƙararsa ta bambanta ko ta cikin abin toshe kunne. Hayaƙi ya feso ta baya. Ya saki bindigar ya dafe fuska. Da na janye hannunsa, gilashin idonsa ya yi baƙi, ƙasan idonsa na dama ya yi ɗigo-ɗigon jini kamar an watsa masa yashi mai zafi. Sakatar ta ƙi motsi sam, sai da mai kula da filin ya zo ya doke ta da gudumar roba. Maɓallin ya faɗo shi kaɗai, ramin da ya bari ya yi baƙi. Mutumin ya ce kada a sake harba komai daga wannan kwalin. Baba ya ce masa na gode da Turancinsa na ladabi.

Muka shiga mota, muka hau babban titin Beltway. Alhaji ya riƙe kula a cinya kamar jariri. Na ce a raina yau dai ya gani. Sai Baba ya cire tsumman daga fuskarsa ya duba, ya ce, "Kwanson ne ya gaji. Sauran sababbi ne."

Na kusa hawa kan motar gabana.

Da muka isa ya shiga sito, ya jera sauran harsasan a kwalinsu, ya ajiye kusa da jakar farauta. Mama ta wanke masa fuska tana faɗa ƙasa-ƙasa, shi yana ce mata ƙaiƙayi ne kawai. Na tsaya a kicin na rasa abin da zan kama. In na jiƙa albarushin, ga waɗanda ya riga ya ɗura. In na kwashe su, ya zauna ya ɗura wasu. Ni 'ya ce, maganata ta ƙare tun ranar yatsa.

Mutum ɗaya Baba yake durƙusa wa a ƙasar nan, yayarsa da ke Silver Spring, wadda ta goya shi. Gwaggo ba ta san magnum ba, ba ta kuma bukatar sani. Na yanke shawara ranar Lahadi, in ya tsaya taron dattawan coci, zan zare sakatar, in naɗe ta a ɗankwali, in hau jirgin ƙasa in kai mata. Zan faɗa mata komai, har da abin da na ce game da mahaifinsu. Sannan in dawo gida in zauna a falo, in ya shigo in gaya masa da bakina inda sakatar take.